Tambaya da Amsa: Na Fita da 2:2, Zan Iya Mastas a Injiniyancin Lantarki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Na gama digirin farko a injiniyancin lantarki da maki 3.31, wato 2:2, daraja ta biyu ta ƙasa. Na yi bautar ƙasa, yanzu shekara biyu ke nan ina aikin haɗa sola a gidaje da shaguna. Ina so in ci gaba da karatu, a gida ko a waje, kuma zuciyata ta fi kwanciya da ɓangaren wuta. Wani abokina ya ce da 2:2 kada ma in ɓata kuɗin fom. Don Allah me ake buƙata kafin a ɗauki mutum, kuma me zai yi kafin a ba shi kwalin? Ɗanka daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na san abokinka da kyakkyawar niyya ya yi maganar, amma ba haka abin yake ba. A mafi yawan jami'o'in Najeriya, 2:2 ita ce matakin ƙasa da ake karɓa don shiga mastas, kuma tana farawa daga maki 2.40 zuwa 3.49 a ma'aunin biyar. Kai mai 3.31 kana can kusa da saman rukunin. Wanda ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difloma ta HND, shi ake cewa ya fara bi ta PGD, wato diflomar da ake yi bayan digiri ko HND kafin mastas. Saboda haka ka sayi fom ɗinka.

Sai dai cancanta daban, samun gurbi daban. Sashe ba ya ɗaukar ɗalibai fiye da waɗanda malamansa za su iya dubawa, don haka dole a tace. Na yi shekaru ina zama a kwamitin da ke wannan tacewa, bari in gaya maka yadda muke yi. Mukan zauna mu huɗu ko biyar, fayil-fayil jibge a kan teburi, kowa ya ja nasa kason. Ni dai kwalin digiri kallo ɗaya nake masa in ajiye. Abin da nake buɗewa in sa tabarau a kansa shi ne takardar cikakken sakamako, wadda ɗalibai ke kira tiransikirif. Yatsana yakan tafi kai tsaye zuwa aji uku da aji huɗu. In ka ce mini wuta kake so, zan duba me ka ci a darasin da'irar lantarki, da na injinan lantarki irin su moto da janareta da taransifoma, da na tsarin rarraba wuta, da na kwantiro, wato sarrafa na'urori, da lissafin injiniya. In sadarwa ce, sai in koma kan darasin sigina, da maganaɗisun lantarki, da lissafin yiwuwa. Na sha zaɓar mai 3.2 da ya ci A da B a waɗannan darussa, in bar mai 3.6 da ya sha da ƙyar a cikinsu ya tara makinsa a wasu wurare. Ina kuma duba inda sakamakon ya fuskanta. Yaron da ya yi tuntuɓe a aji ɗaya da aji biyu, sannan ya miƙe daga aji uku har ya gama, wannan ya nuna mini ya gane kansa, kuma irinsa ne ke jure wahalar bincike. Ka ɗauko naka sakamakon yau ka karanta shi da wannan ido, za ka san inda kake tsaye fiye da yadda abokinka ya sani.

Sauran takardun sanannu ne: sakamakon sakandare mai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fizis da kemistiri, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun masu tsaya maka, biyu ko uku. Wasu sassan kan ƙara da jarrabawar tantancewa ko ganawar baki, don haka ka karkaɗe littattafanka na aji huɗu.

Abu biyu a cikin waɗannan ne suke kayar da mutane. Na farko tiransikirif ɗin kansa, domin ba a hannunka ake karɓa ba, tsohuwar jami'arka ce za ta aika shi kai tsaye. Akwai ɗalibina, haziƙi, da wata jami'a a waje ta ba shi gurbi da sharaɗin takardar ta iso kafin wata rana. Ya biya kuɗi, ya yi ta sintiri tsakanin sashensu da ofishin adana sakamako na jami'ar da ya gama. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga sakamakon wani darasi na aji biyu ba. Wata huɗu aka ɗauka. Ranar da ta fito ya zo ofishina ya zauna, ya kasa magana, don wa'adin ya wuce da mako uku. Har yau abin yana ci mini rai. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana. Ka nemi takardar nan tun yanzu, tun ba a buɗe sayar da fom ba, ka kuma tabbatar kowane darasi da makinsa ya fito daidai.

Na biyu wasiƙar mai tsaya maka. Kada ka aika wa malami saƙon waya da dare kana cewa ya rubuta maka gobe. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi, ka tuna masa shekarar da ya koyar da kai da aikin da ka yi na ƙarshe, ka bar masa takardar tarihin aikinka. Wasiƙar da ta ce wane yaro ne mai ladabi da biyayya ba ta ƙara maka komai, kowa haka ake rubuta masa. Wadda ta ce wannan ɗalibin shi ya haɗa na'urar cajin batir a aikinsa na aji biyar, ta ƙone sau biyu, ya gano dalili ya gyara, ita ce ke sa mai karantawa ya ɗaga kai.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarka, wanda kai ka ambata a taƙaice kamar ba komai ba ne: shekara biyu kana haɗa sola. Ɗana, wannan dukiya ce. Mafi yawan masu nema suna zuwa mana ba su san me za su bincika ba, sai su ce kowane maudu'i aka ba su za su yi. Kai kuwa kana hawa rufin kwano a zafin watan Afrilu na Kano, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ka ga yadda batir ke saurin mutuwa in an ajiye shi a ɗakin da iska ba ta shiga. Ka ga yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan farantin sola ta rage wutar da yake bayarwa. Ka san irin inbatar da ke ƙonewa in mai shago ya jona mata firiza da injin niƙa lokaci guda. Daga yau ka sayi littafi ka riƙa rubutawa: wane gida, faranti nawa, wace rana aka wanke, nawa ya bayar kafin wanki da bayan wanki, batir ya yi wata nawa. Bayan wata shida kana da abin da ba ya cikin kowane littafin da aka rubuta a Turai. Idan aka ce ka rubuta dalilin da ya sa kake son karatun, kada ka fara da cewa tun kana yaro kake sha'awar lantarki. Ka fara da matsalar da ka gani da idonka ka kasa warwarewa, ka faɗi ilimin da ya rage maka kafin ka iya. Kuma ƙasar tana buƙatar irin wannan aiki. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta masu ƙarfin kilobolt 330. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Wa zai tsara musu ƙananan tashoshin sola da layukan kilobolt 33 da 11 in ba irinku ba?

To, in an ɗauke ka a gida, misali a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero a nan Kano, ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko ta Fasaha da ke Minna, ga abin da ke gabanka. Wasu suna kiran digirin M.Eng., wasu M.Sc., wannan kada ya dame ka. Zango biyu na farko na darussa ne, kuma ka lura makin cin jarrabawa a wannan mataki 50 ne, ba 40 da ka saba ba. Daga nan sai bincike. Za ka gabatar da tsarin abin da kake son yi a gaban malaman sashe, su yi maka tambayoyi, su amince ko su mayar da kai. Za ka sake tsayawa ka nuna inda aikin ya kai. Za a bi kundinka da manhajar gano satar rubutu. Sassa da yawa yanzu suna neman ka buga aƙalla maƙala ɗaya daga aikin. Sannan ka kare kundin a cikin gida, a ƙarshe a gayyato malami daga wata jami'a ya yi maka jarrabawar baki, ka yi gyare-gyaren da ya ce, majalisar jami'a ta amince. A takarda abin bai wuce shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba. A aikace yakan zarce, wani lokaci laifin ɗalibi, wani lokaci ba nasa ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Darussa ba su cika kayar da mutum ba. A wurin bincike ake maƙalewa, kuma rabin maganar tana ga malamin da zai duba aikinka. Kafin ka nemi wani, ka je sashen ka zauna da ɗalibansa na yanzu, ka tambaye su a hankali: in an kai masa babi, mako nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Mutum nawa suka gama a hannunsa cikin shekara uku da suka wuce? Babban suna yana da daɗi, amma malamin da zai karanta aikinka da jan biro ya dawo maka da shi cikin mako biyu ya fi maka amfani. Ka kuma koyi MATLAB da Python, yarukan ba kwamfuta umarni, tun kafin ka shiga, domin kayan gwaji sun yi ƙaranci a ɗakunan gwaje-gwajenmu, aiki mai yawa a kwamfuta za ka kwaikwaye shi. Kada kuma ka yi karatun a kan in dai an wuce shi ke nan. Masu ɗaukar digirin digirgir galibi suna neman maki 3.50 a mastas, ko matsakaicin kashi 60.

Maganar waje kuwa, a nan ne 2:2 take ɗan ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ba a wajen samun gurbi ba, a wajen samun mai biya. A Ingila mastas shekara ɗaya ce, kuma jami'o'i da dama suna karɓar 2:2, musamman mai ƙwarewar aiki, amma kuɗin makaranta mai nauyi ne, kuma masu ba da tallafi irin su Chevening da asusun PTDF na nan gida sun fi karkata ga 2:1, matakin da ke sama da naka. A Jamus shekara biyu ce, mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai ka nuna kuɗin zama a asusun da ake kullewa, wanda tun watan Satumbar 2024 ya kai Yuro 11,904 na shekara guda. Su kuma Jamusawa darasi bayan darasi suke ƙirgawa: nawa ka yi na lissafi, nawa na tushen lantarki, in bai kai abin da suka gindaya ba, ba roƙo. A Saudiyya akwai Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Dahran, inda 'yan Arewa da yawa suka yi karatu da tallafi, amma su ma suna tsaurarawa a kan maki.

Amurka ce ta fi buƙatar bayani, don tsarinta ya bambanta da namu. A can yawancin jami'o'i sun haɗa lantarki da kwamfuta a sashe guda, kana shiga sai ka zaɓi layinka. Galibi suna neman maki 3.0 a ma'aunin huɗu. Kada ka zauna ka raba 3.31 da biyar ka ninka da huɗu ka karaya. Ba haka ake juyawa ba. Jami'ar da kanta, ko wata hukuma irin WES, ita ke ɗaukar kowane darasi ta juya shi zuwa ma'auninsu. Suna neman wasiƙu uku, da takardar bayanin manufa, da shaidar Turanci, wadda a jarrabawar IELTS yawanci 6.5 ce, ko da yake wasu kan yafe wa ɗan Najeriya. Jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digiri, da a da kowa ke yi, sassa da yawa sun daina tilasta ta tun bayan annobar korona. Amma ga mai 2:2 ina ganin ya yi ta in sashen yana karɓa, domin ɓangaren lissafinta daga 130 zuwa 170 ake ba da maki, kuma injiniyan da ya kusanci 170 ya ba da amsar shakkar da ake yi a kansa. Ana rufe karɓar takardu ne a wajen Disamba ko Janairu don karatun da zai fara a Agusta, ka ga ke nan shiri na kusan shekara guda ne.

Mastas a can yawanci kiredit 30 ce, wato jimillar nauyin darussan da za ka ɗauka, akwai mai kundi, akwai ta darussa zalla, kuma dole ka riƙe makinka a 3.0 ko sama. Ba kasafai ake biya wa ɗan mastas ba. Kuɗin yana wajen digirin digirgir: farfesa ya ɗauke ka mataimakin bincike ko na koyarwa, ka yi aikin awa 20 a mako, a yafe maka kuɗin makaranta, a ba ka albashin wata. Digirin digirgir ɗin ma yana da nasa shingayen: jarrabawar cancanta a shekara ta farko ko ta biyu, wadda in ka faɗi sau biyu a wurare da yawa sai dai ka tafi da mastas, sannan kare tsarin bincike, sannan kundi, abin da kan ɗauki wajen shekara biyar. Ka sani kuma tun 2025 Amurka ta tsaurara dokokin biza a kan 'yan Najeriya, don haka kafin ka kashe ko sisi ka duba halin da ake ciki a ofishin jakadancinsu.

In da ɗan cikina ne ya kawo mini wannan tambaya da 3.31 a hannu, ce masa zan yi ya yi mastas a gida, bai bar aikin solarsa ba, ya ɗauki maudu'i daga rufin da yake hawa, ya fita da sakamako mai kyau da maƙala ɗaya a mujallar da ake girmamawa. Daga nan ya rubuta wa farfesoshin waje neman digirin digirgir mai tallafi. A lokacin ba wanda zai tsaya dogon nazari kan 2:2, aikin da ke gabansu za su karanta. Hanyar ta fi tsawo, kuma za ka yi haƙuri da rashin kayan aiki da jinkiri, amma ba sai an sayar da gonar gado ba. Na ga waɗanda suka bi ta suka isa. Allah ya yi maka jagora.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina da HND a lantarki daga kwalejin kimiyya da fasaha. Mijina ya amince in ci gaba, amma an ce sai na koma aji biyu a jami'a. Gaskiya ne? 'Yarka daga Gusau.

AMSA: Ba dole ba ne, 'yata, Allah ya saka wa maigidan da alheri. Hanyarki ita ce PGD a injiniyancin lantarki, sannan mastas. Amma ki riƙe abu biyu. Ki ci PGD ɗin da kyau, domin sassa da yawa ba sa wucewa da mutum zuwa mastas sai makinsa ya kai wajen 3.50. Sannan kafin ki biya kuɗi ki tambayi sashen kai tsaye ko hukumar COREN, mai rajistar injiniyoyi a Najeriya, ta amince da shirin nasu, don da wannan ne za ki nemi rajista a matsayin injiniya daga baya. Inda masu HND suka fi shan wuya shi ne lissafi, ba don ba su da kai ba, sai don karatunsu ya fi ba da ƙarfi ga aikin hannu. A ɗakin gwaji kuwa sau da yawa su ne ke koya wa masu digiri riƙon na'urar awo. Ki samu wata uku kafin a fara ki zauna da kalkulas da lissafin matiriks, awa ɗaya kullum bayan sallar asuba kafin gida ya tashi.

TAMBAYA: Malam, kimiyyar kwamfuta na karanta, ina so in yi mastas a injiniyancin kwamfuta. Ba abu ɗaya ba ne? Ƙaninka daga Jos.

AMSA: Maƙwabta ne, ƙanena, amma ba gida ɗaya ba. Kai ka koyi rubuta manhaja da tsara bayanai. Injiniyan kwamfuta yana sauka ƙasa da haka, zuwa da'irar da ke cikin na'urar, da ƙananan kwakwalwan da ake dasawa a mita da mota da injin asibiti, da yadda sigina ke tafiya a waya. Kwamitin zai nemi waɗannan darussa a sakamakonka, in bai gan su ba, a Najeriya galibi PGD za a tura ka. A Amurka wasu sassan kan ɗauke ka da sharaɗin ka cike darussan da ka rasa kafin ka shiga na mastas sosai. Ka tambayi kanka me kake son yi da hannunka. In ƙirƙirarriyar basira ce ko tsaron intanet, mastas a kimiyyar kwamfuta ta ishe ka, ba sai ka ƙara shekara ba. In kuwa na'urar kanta kake son ƙerawa, ka sayi allon Arduino, ɗan allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta, ka koyi yaren kwamfuta na C, ka haɗa wani abu mai aiki, ko da na'urar da ke kashe famfon rijiyar burtsatse ce in tanki ya cika. Ka ɗauki hotonsa da bayanin yadda ka yi, ka tafi da shi ranar ganawa.